Haruffa Uku

Ranar Asabar aka haife ni,
ranar da ofisoshin gwamnati ke garƙame.
Wataƙila shi ya sa har yau
duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, sai a ce in dawo Litinin.

Ɗan'asabe aka rubuta.
Ban ari sunan kowa ba, ban sata ba,
haruffa uku kawai na sauke daga gaba
kamar mai tuɓe takalmin da ke matse ta tun firamare.
Abin da ya rage, ni ce.

A bakin kotu, can Magajin Gari,
wani dattijo mai tafireta a gindin dalbejiya
ya buga mini takardar rantsuwa.
Harafin "s" na injinsa ya karye,
da biro ya cike gurbin.
Bai ɗago kai ya ƙare mini kallo ba.
Wannan na fi gode masa a kai.

Jarida ta ba ni fili kamar ɗan yatsa,
tsakanin cigiyar takardar gida da ta ɓata
da wata amarya mai ɗaukar sunan miji.
Na sayi huɗu.
Ban kai ko ɗaya gida ba.

A Foli, Tudun Wada, hawa na uku,
Malam Ishiyaku ya kwance igiyar fayil,
ya dubi hoton wani saurayi da kwalar riga ta fi wuyansa,
ya dube ni, ya koma kan hoton.
"Ƙanwarsa ce ke?"
Na ce a'a, ni ce.
Ya daɗe yana juya murfin biro.
"Satifiket ba riga ba ne," in ji shi,
"ba a kai shi wurin tela a rage."
Ya ce in jira zaman kwamiti.
Ina jira kogin Kaduna ya cika,
ya taɓa ƙafar gada, ya janye.

Ni na kwana a kan littafin akanta,
ni na sha garin kwaki babu sukari a satin jarrabawa.
Hannun da ya ci makin nan
shi ne yake miƙa muku ambulan.

Wurin katin shaida ma na bi layi tun asuba.
Na yi dariya ni kaɗai:
shi kansa katin, na ɗan ƙasa ake ce masa.

Kakuri, kamfanin ruwan leda.
Mutum uku a bayan tebur, fanka na kuka.
Suka tambayi riba da faɗuwa, na amsa.
Suka tambayi haraji, na amsa.
Na tsakiyan har ya fara murmushi,
sai ya buɗe shafi na biyu.
"To, za mu kira ki... ka..."
Harshensa ya yi tuntuɓe a kan wasali ɗaya,
aikin ya faɗa ramin da ke tsakani.
Haka a Barnawa. Haka a Kawo,
inda maigadi ya bi ni da wata kalma har bakin titi.
Na hau keke, na biya kuɗin mutum biyu
don kada kowa ya zauna kusa da ni.

Inna ta daina kiran kowane sunan.
Takan ce, "Tuwo na hucewa,"
tana kallon bango.
Amma takan ajiye mini ƙanzo.

Jiya a Kasuwar Barci,
Hajiya Turai mai dilar gwanjo
ta turo mini littafin bashi, duk ya sha manja.
"An ce kin iya lissafi. Tara mini wannan."
Na tara.
Dubu goma sha bakwai da ɗari huɗu sun ɓata a shafin Yuli.
Ta riƙe haɓa, ta ambaci sunan wani yaronta.
Ba ta nemi ambulan ba.
"Yaya sunan?"
"Asabe."
"To Asabe, gobe bakwai da rabi.
Mu nan har Asabar muna fitowa."

Fayil ɗin yana can hawa na uku.
Litinin zan roƙe ta awa biyu.